Daren da Muryar Inna Ta Maƙale a Hanya

Ni mutumin Wanke ne, kudu da Gusau, kan hanyar da ta bi ta Magami ta nufi Dansadau. Sana'ata POS, da cajin waya, da sayar da kati. Mai irin wannan sana'a jari biyu gare shi: kuɗin da ke cikin jaka, da sabis ɗin da ke sama. Na farkon ina ƙirga shi kowane dare in ɗaure da roba. Na biyun kuwa ban taɓa tambayar ta ina yake biyowa ba. In ya zo, alhamdu lillahi. In ya ɗauke, mu ce hadari ne, mu jira. A haka nake har ƙarshen daminar 2021.

Dole in ɗan yi maka shimfiɗa, don wanda bai zauna Zamfara a lokacin ba dariya zai yi mana idan na zo kan daren da nake son ba ka labari. Ranar 1 ga Satumba ɓarayin daji suka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an hana ɗaukar shanu a mota. Ranar Juma'a 3 ga wata, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin jihar na mako biyu, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da waya ɓarayi ke cinikin kuɗin fansa, da waya infoma ke gaya musu inda sojoji suka nufa. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce a yi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da aka ɗauke musu mutum, ya ga yadda kowa ke ɗauke numfashi in baƙuwar lamba ta kira, zai ce a yi.

Muka wayi gari waya ta koma tocila da rediyo. Ni da nake tura dubu ɗari da yatsa ɗaya, na koma rubuta wa tsofaffi wasiƙa, a ninke, a ba direba ya sauke a Tashar Magami. Mai son jin muryar ɗansa da ke Legas ko Fatakwal sai ya shiga mota, ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe da Yankara har Funtua, ya yi kiran minti biyar ya juyo, a kan hanyar da ita kanta sai da addu'a ake bin ta. Ba a jima ba aka rufe ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtuwar, sai tafiya ta koma Zariya. A Sakkwato ma aka rufe 14. Mako biyu suka cika suka wuce, ba labari.

Rashin ciniki ya yi ciwo, amma akwai abin da ya fi shi, wato "an ce". A da in ka ji an shiga wani ƙauye, sai ka kira wani a can, ya ce maka e ko a'a, ka kwanta. Yanzu sai ka jira mai ƙafa ya zo, shi ma daga bakin wani ya ji. Cikin wata guda muka koyi wani mugun karatu da har yau bai bar mu ba: duk shirun da ka ji, fara kawo mafi muni a ranka.

Ranar 1 ga Oktoba, Juma'a, ranar bikin 'yancin kai, aka maido da sabis a cikin garin Gusau kaɗai. Na kwashe teburina da laimata na koma Tudun Wada, ƙofar gidan Kawu, yayan mahaifiyata. Na roƙi Inna ta biyo ni, ta ce ba inda za ta, masara ta kusa karya, kuma wa za ta bar wa awaki? Sai muka yi dabara. Akwai wani direban ƙaramar mota da ke jigila tsakanin Wanke da Gusau. Inna za ta yi magana ya ɗauka a wayarsa, in ya shigo inda sabis yake ya turo mini ta WhatsApp, ni ma in mayar da amsa ya kunna mata. Gidaje da yawa haka suka yi. Direbobi suka zama masu ɗaukar fasinja da kaya da muryoyi.

Ranar Litinin 4 ga Oktoba, tun da hantsi wata magana ta fara yawo: an ji harbi daren jiya ta wajen Wanke. Wannan ya ce cikin gari, wancan ya ce ƙauyukan gefe, wani ya ce shi daga can yake bai ji komai ba. Ina ba mutane kuɗi, ina ƙirga canji, amma rabin hankalina yana kan waya. Bayan la'asar, biyar saura kusan minti ashirin, sai ga saƙo daga direban. Murya ce, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Bai rubuta ko kalma ɗaya a ƙasa ba. Na danna.

'Yar da'irar nan ta fara juyawa. Ta juya, ta juya. Ba ta cika ba.

Na kira lambarsa, muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samun sa a halin yanzu. Na gane abin da ya faru. Ya sauke fasinja, ya tura saƙon, ya juya da sauri kada yamma ta yi masa a hanya. Ya riga ya shige inda waya ba ta kaiwa. Na kashe data na kunna. Na kashe wayar gaba ɗaya. Na cire sim na goge a riga na mayar. Na sauya layi. Ina cikin haka na ɗaga kai, sai na ga ba ni kaɗai ba ne. Mai shayi da wayarsa a sama, yaran shagon ɗinki sun fito bakin titi kowa yana kallon tafin hannunsa, wani yana tambayar wani: "Naka na yi?"

Ban san bakin da ya fara faɗa ba, amma cikin minti goma magana ta zama ɗaya: "Sun fara. Daga WhatsApp suka soma, anjima za su ɗauke duka." Wallahi ban taɓa ganin layi ya haɗu da sauri irin na wannan yamma ba. Kowa ya tuna Satumba, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane. Mata da hijabi da kati a hannu, 'yan kabu-kabu, wani dattijo da ya ce in cire masa duk abin da ke ciki har kwabon ƙarshe. Kafin kiran magariba jakata ta zama wayam, ana ta roƙona, wasu har da zagi. Wani yaro ya sayi data sau da sau, a zatonsa tasa ce ta ƙare. Wani ya goge WhatsApp ɗinsa don ya sake saukewa, ya sauke, ya kasa shiga, hirarrakinsa na shekaru suka tafi, ya zauna gefen kwata ya dafe kai.

Abin da ya ɗaure mini kai, ko a cikin wannan ruɗani, shi ne na'urar POS ɗina lafiya lau take aiki. Ba ta taɓa sauri irin na ranar ba. Kira yana shiga. Saƙon tes yana tafiya. Sandunan sabis a cike. Google yana buɗewa. WhatsApp da Facebook da Instagram ne kawai suka mutu. A iya sanina na lokacin, sabis abu ɗaya ne da ke fitowa daga ƙarfen da ke bayan gari, ko akwai ko babu. Ta yaya za a ɗauke rabi a bar rabi? Ban gane ba, kuma rashin ganewar ya ƙara mini tsoro, don na ɗauka wata sabuwar hanyar rufewa ce da ba mu taɓa gani ba.

A sauran duniya, mutane Twitter suka ruga don jin abin da ke faruwa. Mu kuwa a Najeriya an dakatar da Twitter tun 5 ga Yuni na shekarar. Sai wani ɗalibin jami'a, maƙwabcin Kawu, mai VPN a wayarsa, ya leƙa ya dawo da labari bayan isha'i. Ya ce: "Baba, ba mu kaɗai ba ne. Duniya ce duka, har Amurka da Ingila."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce: "Kai yaro, bar wannan zance. Mi ya kai ɓarayi Amurka da za a ɗauke musu sabis?"

Sai da ya kira 'yarsa da ke aure a Kano, ta ce su ma haka, sannan ya yi shiru. Unguwa ta ɗan sauke ajiyar zuciya, har aka fara tsokanar waɗanda suka kwashe kuɗinsu. Ni dai ban sauke ba. Duniya ce ko Gusau ce, muryar Inna tana cikin wayata a kulle. Ina ganin tsawonta, ina ganin lokacin da ta shigo, ba na jin ta. Me za ta faɗa har minti ɗaya, ita da ba ta da yawan magana? Ko ma ba ita ba ce, direban ne ya rasa yadda zai rubuta? Zuwa Wanke a wannan dare ba zance ba ne. An hana hawa babur da dare, kuma ko ba doka, ba mai hankalin da zai bi hanyar nan bayan faɗuwar rana.

Aka kawo tuwo na kasa ci. Zafin Oktoba ya sauko, ba iska, sauro na kuka a kunne, janareton wani gida yana ta ƙara. Muna zaune kan tabarma a zaure ni da Kawu, wayar a tsakaninmu, ina danna ta duk bayan ɗan lokaci.

Kawu ya ce: "Ɗan nan, aje ta haka nan. Da mugun labari ne, da ba a murya zai aiko shi ba. Da ƙafarshi zai zo ya same ni."

Na ce: "Kawu, in kuma ya ji nauyin zuwa ne fa?"

Bai amsa ba. Ya jawo carbinsa. A hasken tocila na ga yatsunsa ba sa tafiya daidai, sai na tuna ni uwata ce, shi kuma ƙanwarsa ce da ya goya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayoyin unguwa suka fara ƙara, nan ɗaya can ɗaya, sannan gaba ɗaya. Wani ya yi kabbara a bayan katanga. Na danna, da'irar ta cika. Hannuna na rawa na kai wayar tsakanin kunnena da na Kawu.

Kukan akuya muka fara ji. Sannan ita. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

"Salamu alaikum. Kai, kana jina? To, lahiya lau muke. An fara karyar masara, ka aiko muna da buhunna, waɗanda ke nan ɓeraye sun ɓata su. Maganina na hawan jini ya kusa ƙarewa, irin na wancan karon, kada ka sawo wani. Ka gaida Yaya da mutanen gida." Ta yi shiru, sannan can ƙasa-ƙasa: "Ya ɗauka? Ko in sake?" Direban ya ce: "Ya ɗauka, Inna."

Harbin da aka yini ana zance, ko ambatonsa ba ta yi ba. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce buhu, a kan buhu muka ƙi cin tuwo. Ni kuwa na shiga bayan gida na yi kukan da ban yi ba duk watan Satumba.

Wanda ya warware mini abin wani baƙon injiniya ne da aka turo duba turakun da suka yi wata guda a kashe. Wurina yake cire kuɗi, teburin mai shayi ɗaya muke zama. Na ce: "Injiniya, don Allah, ta yaya ake ɗauke rabin sabis?"

Ya ce ba wanda ya taɓa sabis ɗina. Intanet ba abu ɗaya ba ne mai shugaba ɗaya. Tarin gidajen sadarwa ne sama da 70,000, kowanne da lambarsa: kamfanin layinka ɗaya, Google ɗaya, Facebook ɗaya, manyan bankuna da jami'o'i wasu da nasu. Kuma babu wani ofishi da aka ajiye taswirar hanyoyin da ke tsakaninsu. Ya ce in ɗauki misalin tashar mota. Ɗan kamasho yana kiran "Funtua, Zariya!" Kai fasinja ba ka hango Zariya ba, kiran ka ji ka shiga. In ka sauka a gaba, wani kiran za ka sake bi. To na'urorin da ke bakin iyakar kowane kamfani, waɗanda suke kira rauta, aikinsu ke nan dare da rana. Kowace tana shelanta wa maƙwabciyarta cewa ta wurina ana zuwa wuri kaza, zango kaza ne. Maƙwabciyar ta rubuta, ta ƙara lambarta, ta shelanta wa ta gaba. In hanya ta mutu, a janye shelar. Wannan tsari shi ne BGP. Ranar Litinin ɗin nan, in ji shi, kiran Facebook, mai WhatsApp da Instagram, ne aka daina a duk tashoshin duniya. Gari yana nan, motoci suna nan, ba mai kira.

Daga baya na karanta bayanin da kamfanin ya fitar da kansa. Ana cikin gyara na yau da kullum aka ba da wani umarni don auna ƙarfin manyan hanyoyin da suka haɗa rumbunan bayanansu, sai umarnin ya katse hanyoyin gaba ɗaya. Manhajar da aka tanada don tare irin wannan kuskure ita ma tana da tangarɗa, ba ta tare ba. Kwamfutocin da ke amsa tambayar "ina adireshin Facebook?" kuwa an gina su ne a kan cewa in suka daina jin rumbunan, su janye shelarsu. Suka yi abin da aka gina su su yi. Kayan aikin da injiniyoyin za su gyara da su daga nesa kan hanyar da ta mutu suke, dole aka tura mutane da ƙafa zuwa rumbunan, inda aka tsaurara shiga da gangan saboda tsaro. Kusan sa'o'i shida ke nan. Ba abin da ya ƙone, ba abin da ya karye. Muryar Inna tana ajiye lafiya lau a wata kwamfuta da ba a ɗauke wa wuta ba, hanyar zuwa ce kawai aka daina ambata. Mu kuma da muke ta danna-danna a Tudun Wada, tare da miliyoyin irinmu, tambaya muke ta jibga wa sauran na'urorin duniya, muna ƙara musu cunkoso.

Na tambayi Injiniya wa ke tantance shelar, in wani ya yi ƙarya fa? Ya yi dariya ya ce a asali ba kowa. A 1989 injiniyoyi biyu, Yakov Rekhter na IBM da Kirk Lougheed na Cisco, suka zana tsarin a kan takardun goge hannu suna cin abinci, lokacin da masu gudanar da intanet 'yan kaɗan ne kuma sun san juna. Amana aka ɗora shi a kai. Ranar 24 ga Fabrairu 2008, kamfanin sadarwar Pakistan ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa, ya yi shelar cewa ta wurinsa ake zuwa YouTube. Shelar ta tsallake iyaka ta hannun wani kamfani na Hong Kong, duniya ta yarda, YouTube ya ɓace kusan sa'o'i biyu.

"Mu ma mun taɓa yi wa duniya," in ji Injiniya, har da ɗan alfahari. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, kamfanin MainOne na Legas, wanda Funke Opeke ta kafa, yana cikin sabunta na'urorinsa sai hanyoyin Google da ya kamata su tsaya cikin gida suka zube waje. China Telecom ya karɓa, ya miƙa wa TransTelecom na Rasha, ya bazu. Tsawon minti 74, masu neman Google daga ƙasashe da dama aka riƙa jan saƙonninsu ta Rasha da Sin, da yawa suka mutu a hanya. An fara zargin leƙen asiri, sai MainOne ya fito ya ce kuskuren saiti ne. Na yi lissafi, a daren ina Wanke ina barci, ban san ƙasata ta karkatar da Google ba.

Amma ya ce waɗannan manya ne masu shiga jarida. Wanda ke cin irina kullum ƙarami ne, hanya mai rawa. Wayar faiba da ke kawo intanet daga Legas zuwa Arewa a gefen titi aka binne ta. Katafilar masu aikin hanya ta tsinke ta, ko mahaɗa ta kwance tana kamawa tana saki, ko janareton wata tasha yana mutuwa yana tashi. Duk sanda ta saki, rauta ta janye shela, maƙwabta su shiga neman wata hanya, su gwada wannan su gwada waccan, abin da kan ɗauki mintoci kafin kowa ya daidaita. Kafin su gama, ta dawo, a sake shela, a sake lissafi. A tsakanin nan saƙonka ko ya faɗi, ko rauta biyu su riƙa jefa wa juna shi har wa'adinsa ya ƙare. Sanduna a cike, abu ba ya tafiya. Wasu kamfanonin ma in hanya ta cika rawa sukan yi watsi da ita na ɗan lokaci, shi ya sa wani sa'in an gama gyara amma abu bai dawo nan take ba. Ya ce ba duk tiransifar da ta maƙale ce wannan ke jawowa ba, wani lokacin daga banki ne, amma yana cikin dalilai. Ciwon kuma tsoho ne. Tun 1997 Craig Labovitz da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka auna, suka tarar manyan rautoci na musayar shela miliyoyi a kowace rana, mafi yawansu maimaici ne da ba ya nuna wani canji na gaske. Ana ta magani: akwai RPKI, wani sa hannu da ke nuna wa ke da ikon shelar wane adireshi, akwai kuma cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, da aka kafa a 2006, mai reshe a Kano, don saƙon gida ya daina zagawa ta Landan. Sai dai ba kowane kamfani ne ya shiga ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Facebook ya ɓace sa'o'i shida, duniya ta ɗauka, Telegram ya ce ya samu sababbin mutane miliyan 70 a rana ɗaya, aka yi ta lissafin dalolin da aka yi asara. Sauran Zamfara kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido mata da layi, kusan wata uku ke nan. Mu ma muna nan, da masararmu da awakinmu da marasa lafiyarmu, ba a dai iya zuwa gare mu. Ba ina cewa rufewar ba ta da hujja ba, na gaya maka ni ma na goyi baya. Abin da nake cewa shi ne katsewa iri ɗaya ba nauyi ɗaya gare ta ba. Wanda ke Landan a daren nan hira ya rasa. Mu kuɗinmu muka kwashe daga banki, muka fara tunanin wa za mu yi wa ta'aziyya.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da kama azumi, abin ya sake zuwa ta wata fuska. Wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. A wannan karon BGP aikinsa ya yi, aka janye matattun hanyoyi aka karkata zuwa waɗanda suka rage, irin su Equiano na Google da ya sauka Legas a 2022. Sai dai lodin huɗu ya hau kan 'yan kaɗan. Manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa, tiransifa ta koma sai an yi sa'a, ga mutane na son cefanen buɗa-baki. Gana da Laberiya da Benin abin ya fi namu muni, gyaran kuma sai da jiragen ruwa suka ɗauki makonni.

A Wanke na ga fuskokin da na sani sun fara taruwa, da wannan kallon na Satumba. Amma yanzu ina da matakai. Na kira wani, ya shiga, ƙarfenmu lafiya ke nan. Na tura tes, ya tafi. Na buɗe shafuka, wasu na buɗewa da ƙyar wasu sam. Na kira Kano, haka. Na ce wa jama'a: "Ba rufewa ba ce, ba kuma ɓarayi ba ne. Matsalar daga teku take." Wani tsoho ya ce: "Teku ina, Wanke ina?" Aka yi dariya, layin ya watse, na buɗe littafin bashi na rubuta wa waɗanda na sani.

Wannan 'yar magana ita ce abin da ba mu samu ba a daren 4 ga Oktoba. Tes yana tafiya a daren, rediyo yana aiki. Da an samu wanda ya aiko da layi biyu da Hausa, cewa matsala ce daga waje, ta shafi duniya, ba a rufe ku ba, da mata ba su yi layi da kati a hannu ba, da dattijon nan bai kwana da duk abin da ya mallaka a ƙarƙashin matashi ba, a garin da ake bin mutum gida saboda abin da bai kai haka ba. Hanyoyi za su ci gaba da rawa, masu aikin ma sun faɗa. Amma inda mutane suka saba fassara shiru da mutuwa, gaya musu abin da ya faru yana cikin gyaran.

Kawu dai har yau bai yarda ba. Na yi masa bayanin rauta da shela da Pakistan da Legas, ya saurara har ƙarshe, ya ce: "To na ji. Amma in tsautsayi ne, mi ya sa bai faɗo ba sai kwana uku da maido muna?" Na ce dacewa ce kawai, Kawu. Ya ce shi a shekarunsa ya daina yarda da irin wannan dacewa, kuma tun daga ranar rabin kuɗinsa ba ya kwana a banki.